Jaridun da ke kwana a majalisa: tambayoyi da amsoshi kan labaran 'yan majalisa, kamun ƙafa da kamfen

Akwai wani nau'in jarida da ba ruwanta da ƙwallo, ba ruwanta da haɗarin mota ko labarin aure, ita dai majalisar dokokin ƙasa ta sa a gaba, da masu zagaye majalisar suna neman alfarma, da kuma yadda ake neman kujerar tun farko. Mafi yawan misalan da zan kawo daga Amurka ne, don a can wannan sana'a ta fi girma kuma ta fi kuɗi, amma za mu leƙa Ingila da Kanada da Tarayyar Turai in ta kama.

Wai meye bambancinsu da sauran jaridu?

Bambancin yana wajen wanda ake rubuta wa. Jarida ta gama-gari za ta ce maka majalisa ta amince da kasafin kuɗi, shikenan ta wuce wani labarin. Ita kuwa jaridar majalisa tun kafin a kai ga ƙuri'a take bin ƙudirin, wane kwamiti aka tura shi, waye shugaban kwamitin, wa ya cusa wani sakin layi da daddare, su waye 'yan majalisa huɗun da suka ce ba za su goyi baya ba sai an ba mazaɓarsu wani abu. Mai karatunta na farko ɗan majalisa ne da hadimansa, sai 'yan kamun ƙafa, sai ma'aikatan gwamnati da ofisoshin jakadanci da sauran 'yan jarida. Mutane ne kaɗan in ka ƙirga su, amma su ne alƙalami ke hannunsu. Majalisar Amurka gaba ɗaya wakilai 435 ne da sanatoci 100, to ka ga jarida guda da aka gina a kan mutum 535 da waɗanda ke kewaye da su.

Su waye manyan a wannan harka?

A birnin Washington tsohuwar cikinsu ita ce Congressional Quarterly, da ake taƙaitawa CQ, wadda Nelson Poynter da matarsa Henrietta suka kafa a 1945, manufarsu ita ce jaridun garuruwa su riƙa sanin yadda ɗan majalisarsu ya kaɗa ƙuri'a. Sai Roll Call a 1955, wanda ya kafa ta Sid Yudain shi kansa hadimin wani ɗan majalisa ne mai kula da harkar manema labarai, kuma da farko kusan jaridar unguwa ce, wa ya samu ƙarin girma, wa ya bar ofishin wane, irin wannan. The Hill ta zo a 1994, Jerry Finkelstein da Martin Tolchin suka kafa ta, shi Tolchin tsohon ɗan jaridar New York Times ne. Daga nan a 2007 John Harris da Jim VandeHei suka bar Washington Post suka buɗe Politico da kuɗin Robert Allbritton, kuma gaskiya su ne suka sauya saurin wasan, labari ba ya jiran gobe kuma. A watan Janairun 2021 wasu uku daga Politico ɗin, Jake Sherman da Anna Palmer da John Bresnahan, suka fice suka kafa Punchbowl News, sunan ma laƙabin sirri ne da masu tsaron shugaban ƙasa ke kiran ginin majalisar da shi.

A wajen Amurka akwai The Hill Times a Ottawa ta Kanada tun 1989, akwai mujallar The House a Landan tun 1976, sannan Politico ta buɗe reshen Turai a Brussels a 2015 don bin majalisar Tarayyar Turai da hukumarta.

To ai akwai kundin majalisa na hukuma, me ya sa ake buƙatar jarida?

Kundin yana rubuta abin da aka faɗa a zauren majalisa ne kawai. Hansard na Ingila da Congressional Record na Amurka, wanda aka fara a 1873, duk aikinsu kenan. Matsalar ita ce zauren majalisa kusan wurin ƙarshe ne da magana ke zuwa, kafin ta iso can an riga an dafa ta a ofishin kakakin majalisa, ko a taron jam'iyya na sirri, ko a waya. A Amurka ma ɗan majalisa yana da damar gyara jawabinsa ko ya shigar da rubutun da bai taɓa karanta shi a zaure ba cikin kundin. Haka tashar talabijin ta C-SPAN da ta fara nuna zaman majalisar wakilai kai tsaye a 1979, na dattawa kuma a 1986, za ta nuna maka mutum yana zuba jawabi, ba za ta gaya maka cewa da safe ya yi alƙawarin zai janye ba. Wannan giɓin shi jaridun nan ke ci da shi.

Ta yaya suke samun labari?

Da ƙafa, wallahi da ƙafa. Ginin majalisar Amurka yana daga cikin wuraren da ɗan jarida mai katin izini zai iya tsayawa a lungu ya tare sanata yana hanyarsa ta zuwa kaɗa ƙuri'a, ya bi shi da rakoda har bakin lif, ko ya jira shi inda ɗan ƙaramin jirgin ƙasan da ke ƙarƙashin ginin yake sauke sanatoci. Ba haka abin yake a fadar shugaban ƙasa ba, can sai abin da aka fito aka gaya maka. Shi ya sa za ka ji 'yan jaridar majalisa suna cewa sun fi kowa morewa, mutum 535 kowa da bakinsa kowa da abokin gabarsa, in wannan ya ƙi magana wancan zai yi, musamman in maganar za ta ɓata wa wancan ɗin rai.

Amma ainihin majiyar su hadimai ne. Shugaban ma'aikatan ofishin ɗan majalisa, lauyan kwamiti, yaron da ke rubuta jawabi, su ne ke turo saƙon tes cewa ga abin da aka faɗa a taron sirri yanzun nan. Kuma akwai ƙa'idojin magana da kowa ya sani a wurin: akwai maganar da za a buga da sunanka, akwai wadda za a buga a ce "wani hadimi da ke da masaniya", akwai wadda ba za a buga ba sam sai dai ɗan jarida ya san inda zai tona. In ka ga labari cike da "majiyoyi sun ce", daga nan ya fito.

A Ingila tsarin ya ma fi tsufa. Akwai rukunin 'yan jaridar da aka ba izinin tsayawa a harabar 'yan majalisa a Westminster, inda majalisar take zama, tun ƙarni na 19, kuma shekara da shekaru kakakin firaminista yana yi musu bayani ba tare da an ambaci sunansa ba, har a 1986 jaridun Independent da Guardian suka ƙaurace wa zaman na wani lokaci don sun ga abin ya zama hanyar da gwamnati ke jifa ta ɓoye hannu.

Menene kamun ƙafa a wannan ma'anar, ba cin hanci ba ne kawai aka sa wa riga?

Wannan tambayar ita ce aka fi yi, kuma amsar ba ta da daɗin bayarwa a gajarce. A doka dai abu biyu ne daban. Kamun ƙafa shi ne kamfani ko ƙungiya ko wata jiha ko ma wata ƙasa ta ɗauki mutum ta biya shi ya je ya shawo kan 'yan majalisa su rubuta doka yadda za ta yi mata daɗi, ya kai musu bayanai, ya kai musu hujja, wani lokaci ma ya kai musu daftarin ƙudirin a rubuce. Cin hanci kuwa ka ba ni in ba ka ne, ga kuɗi ga ƙuri'a, wannan kurkuku ake zuwa a kai. Kuma ba 'yan kasuwa kaɗai ke kamun ƙafa ba, ƙungiyoyin ƙwadago na yi, jami'o'i na yi, masu kare muhalli na yi, asibitoci na yi.

Inda abin ke cakuɗewa shi ne wanda ya zo maka da hujja da rana, shi ne kuma zai shirya maka liyafar tara kuɗin kamfen da yamma. Ba wanda ya ce ka ba ni in ba ka, amma wanda ya ci ladan kuturu ai ya san akwai aski a gaba.

A Amurka dokar 1995 ta tilasta wa 'yan kamun ƙafa yin rajista, sai aka ƙara mata ƙarfi a 2007 bayan badaƙalar wani babban ɗan kamun ƙafa, Jack Abramoff, wanda ya amsa laifi a Janairun 2006, har wani ɗan majalisa Bob Ney ya tafi gidan yari a sanadinsa. Yanzu duk wata uku sai sun shigar da rahoto, waye ya ɗauke su, nawa ya biya, wane ƙudiri suka yi aiki a kai. Kuɗin da aka bayyana a 2023 ya haura dala biliyan 4, masu rajista kuma sun haura 12,000, kuma kamfanonin magunguna kusan kullum su ne kan gaba wajen kashewa. Mai yi wa gwamnatin wata ƙasa aiki shi kuma wata doka ce daban ta 1938 ta hau kansa. Tarayyar Turai ta buɗe nata rajistar a 2011, Ingila ta yi dokarta a 2014.

Sai dai dokar Amurkan tana da ƙofa, sai wanda kamun ƙafa ya cinye kashi 20 cikin 100 na lokacin da yake yi wa mai gidansa aiki ne dole ya yi rajista, don haka da yawa sai su kira kansu masu ba da shawara su ci gaba da harkarsu ba sunansu a ko'ina.

Me jaridun ke rubutawa game da 'yan kamun ƙafan?

Da yawa, kuma nan ne nake ganin suna da amfani sosai. Duk wata uku in rahotanni suka fito za ka ga sun jera wane kamfanin kamun ƙafa ya fi samun kuɗi, wane kamfani ya ninka abin da yake kashewa, wanda sau da yawa alama ce cewa akwai wata doka da ke tafe da ta tsorata shi. Suna kuma bin wanda ya bar majalisa ya koma K Street, wato titin da ya zama laƙabin sana'ar gaba ɗaya a Washington ko da yake kamfanoni da dama ba a kansa suke ba yanzu. Doka ta ce tsohon sanata sai ya jira shekara 2 kafin ya dawo yi wa majalisa kamun ƙafa, tsohon ɗan majalisar wakilai shekara 1, to su jaridun nan ne ke lura da wanda ya karɓi aiki tun wa'adin bai cika ba da sunan mai ba da shawara. Sai dai ka lura da salon rubutun, sau da yawa kamar shafin taya murna ne, wane ya samu sabon aiki a kamfanin wane, ba tare da an tambayi abin da ya yi wa kamfanin lokacin yana kan kujera ba.

Ina suke samun kuɗi tunda masu karatunsu ba su da yawa?

Yauwa, nan ne gizo ke saƙar. Shekaru da dama ana raba bugun takarda na Roll Call da The Hill da Politico kyauta a ofisoshin majalisa, kuma sun fi fitowa a ranakun da majalisa ke zama, in ta tafi hutu su ma su rage. Talla ce ke riƙe da su, amma ba tallar sabulu ba. Kamfanin ƙera jiragen yaƙi ne zai sayi shafi guda a makon da ake muhawarar kasafin tsaro, ƙungiyar bankuna ce za ta ɗauki nauyin wasiƙar labarai ta safe da ke shiga imel ɗin kowane hadimi kafin ya sha shayi. Ba kai ake so ka sayi jirgin yaƙi ba ai, hadimin da ke rubuta sakin layin ake so ya gani.

Hanya ta biyu ita ce biyan kuɗin rajista mai tsada. Politico Pro, wato sashen Politico na masu biyan kuɗi, da CQ suna sayar wa kamfanoni da lauyoyi da ofisoshin gwamnati bayanai na minti-minti kan fanni guda, lafiya ko makamashi ko haraji, a kan dubban daloli a shekara. Ta uku kuma taruka, a gayyato sanata a yi hira da shi a bainar jama'a, wani kamfani ya biya kuɗin zauren a sa tambarinsa a bayan sanatan.

Kuma kasuwa ce mai tsoka fa. A 2021 kamfanin Axel Springer na Jamus ya sayi Politico a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai dala biliyan 1, a shekarar kuma Nexstar ya sayi The Hill a kan dala miliyan 130. CQ da Roll Call da suka haɗe a 2009 ƙarƙashin kamfanin da ke da mujallar Economist, a 2018 aka sayar da su ga FiscalNote, wanda shi kansa sana'arsa sayar wa kamfanoni manhajar bin diddigin dokoki ce.

Wato kenan an saye su?

Ni ban yarda da wannan a yadda ake faɗarsa ba. Ba wai mai talla na bugo waya ya ce a cire labari ba ne, 'yan jaridar wurin da yawa ko sanin wanda ya sayi talla a ranar ba su yi ba, kuma ƙa'idar samun katin shiga majalisa ma ta hana ɗan jarida yin kamun ƙafa. Sun kuma sha tona asirin masu mulki, rahotannin Politico kan yadda ɗan majalisa Aaron Schock ke kashe kuɗi na cikin abin da ya sa ya ajiye kujerarsa a Maris ɗin 2015, haka a 2017 su suka bankaɗo yadda ministan lafiya Tom Price ke hawan jiragen haya na alfarma da kuɗin gwamnati har ya sauka. A 2009 ma Politico ce ta tona cewa Washington Post na shirin sayar wa 'yan kamun ƙafa kujera a wata liyafar sirri da jami'an gwamnati da 'yan jaridarta, dole aka soke.

Abin da na fi tsoro ya fi wannan laushi. In kullum da mutum kake kwana kake tashi, shi ne majiyarka shi ne mai karatunka shi ne kuma mai biyan tallarka, a hankali sai ka fara ganin duniya da idonsa. Abin da ya dame shi ya zama shi ne labari, abin da ya saba da shi ya daina ba ka mamaki. Duba manyan badaƙaloli ka ga su wa suka fasa su. Ta Duke Cunningham, ɗan majalisar da ya karɓi cin hanci daga 'yan kwangilar tsaro ya sauka a 2005, jaridar San Diego Union-Tribune ta yankinsa ce da kamfanin dillancin labarai na Copley suka fara ta, daga cinikin wani gida da farashinsa bai yi kama da gaskiya ba. Ƙaryar George Santos, ɗan majalisar da ya shirga ƙarairayi kan tarihin rayuwarsa, wata 'yar ƙaramar jarida ce ta yankinsa, North Shore Leader, ta fara ɗaga yatsa tun kafin zaɓen 2022, New York Times ta faɗaɗa bayan zaɓe, majalisa ta kore shi a Disambar 2023. A Ingila badaƙalar kuɗin alawus na 'yan majalisa ta 2009 da ta ci kujerar kakakin majalisa Michael Martin, Daily Telegraph ce ta buga bayan an kai mata bayanan, kuma wadda ta yi shekaru tana fafutukar a saki takardun, Heather Brooke, ba 'yar cikin rukunin harabar majalisa ba ce.

Ɓangaren kamfen fa, me suke bi?

Kuɗi da lissafin kujeru. A Amurka duk shekara 2 ake zaɓen majalisar wakilai gaba ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin uku na sanatoci, don haka kamfen ba ya ƙarewa, ana rantsar da mutum ya fara buga waya neman gudunmawa. 'Yan takara na kai rahoton kuɗinsu ga hukumar zaɓe ta tarayya, duk wanda ya ba da sama da dala 200 sai an rubuta sunansa, jaridun kuma su zauna su tace, wa ya tara nawa, wa ke cin bashi, wane ɗan majalisa ne tara kuɗinsa ya yi sanyi wanda hakan kan nuna yana shirin ritaya. Tun hukuncin kotun ƙoli na Citizens United a 2010 aikin ya ƙara wuya, don ƙungiyoyin waje na iya kashe kuɗi ba iyaka muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba, wasu kuma ba dole ne su faɗi masu ba su kuɗin ba.

Sai kuma kasa mazaɓu gida-gida, wannan tabbas ta jam'iyya kaza ce, wannan ta karkata, wannan kuwa kowa na iya ɗauka. Cook Political Report da Charlie Cook ya kafa a 1984 shi ya fi suna a wannan. Kuma ba wasa ba ne, in aka matsar da mazaɓa daga "ta karkata" zuwa "kowa na iya ɗauka", masu ba da kuɗi na gani, kuɗi kuma sai su bi.

Ana cewa sun mayar da siyasa kamar tseren dawaki, gaskiya ne?

Akwai ƙamshin gaskiya. Wa ke gaba wa ke baya, wa ya yi wa wane ƙafar ungulu, wannan ya fi saurin karantuwa a kan bayanin abin da shafi na 400 na ƙudirin zai yi wa mai ƙaramin albashi. Amma wani lokacin lissafin shi ne labarin. A Janairun 2023 sai da aka kaɗa ƙuri'a sau 15 kafin Kevin McCarthy ya zama kakakin majalisa, a Oktoban shekarar kuma aka tsige shi, duk wanda ke son fahimtar abin da ke faruwa a kwanakin nan wurin masu ƙirga kawuna ya koma, don su suka san mutum nawa suka rage da abin da kowannensu ke nema.

Ni da ba ɗan majalisa ba kuma ba ɗan ƙasar ba, me zan karanta a ciki?

Dokar da ta shafi biza, tallafin ƙasashen waje, takunkumi, harajin shigo da kaya, sayar da makamai, duk ta kwamitocin nan take bi, kuma sau da yawa a jaridun nan za ka fara jin ƙishin-ƙishin makonni kafin manyan kafafe su ɗauka. In za ka karanta, fara duba wa ya ɗauki nauyin wasiƙar ranar, yawanci a sama ake rubutawa. In ka ga majiya ba suna, tambayi kanka wa zai amfana da fitar maganar a yau ɗin nan. Kada ka ɗauki "an gabatar da ƙudiri" a matsayin an yi doka, dubbai ake gabatarwa a kowane zango na shekara 2 kuma 'yan ɗaruruwa ne ke zama doka, mafi yawa a kwamiti suke mutuwa ba a ko saurare su ba. A majalisar dattawa kuma ka riƙa neman lamba 60, don yawancin ƙudirori sai sun samu ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara a kansu, 51 ba ta isa. Rahotannin kamun ƙafa da na kuɗin kamfen ɗin ma a buɗe suke a intanet kyauta, shafin OpenSecrets ya tattara su yadda za ka rubuta sunan kamfani ko na ɗan majalisa ka ga alƙaluman da idonka.